Ludayin Labarin Safe

Gaya, 18 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga Idrisa, bawan gidanmu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mairo da yara. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar Inna da ke tashi da zarar an fara sanyi. Ta ce in tambaye ka ko Yamai ta cinye maka ƙafafu ne, don rabonka da garin Bana tun rasuwar kakarka. Na ce mata bawa ba ya zuwa sai an aika an kamo shi. Kada ka manta kakarka ƙanwar kakana ce, kuma gyaran rubutun da kake yi a mujallar malamai bai 'yanta ka ba.

Ka tambayi yadda na sami sabon aiki. Jardan ɗin, makarantar ƙananan yara, ɗaki uku ne da mangwaro ɗaya a tsakar fili, sai malamai uku da aka ce in shugabanta. Fatuma 'yar Bengou ce, ta fara koyarwa tun ina 'yar lakwal, ina makarantar boko, kuma ba ta bari in manta da haka. Halima daga Tanda take, tana da son aiki, amma in na ɗaga murya sai hawaye. Kaltuma matar wani ma'aikacin duwan ce, masu kama kayan fasa-ƙwauri, bara aka kawo su daga Maradi. Ba ta jin Dandanci, yara na yi mata dariya, ita ma tana taya su. Yaran kuwa 'ya'yan ma'aikata ne da na 'yan kasuwa da na masu jirage na bakin gulbi.

Na tarar ana tara 'yan shekara huɗu su yi ta maimaita kalmomin Faransanci har su yi barci a zaune. Sai na fito da wani abu da muke kira labarin safe. Kafin a shiga aji, duka yara su zauna a tabarma ƙarƙashin mangwaro, a ɗauko ludayi. Wanda ludayi ke hannunsa shi ke da magana, da harshen da ya ga dama. Tambayar ɗaya ce: me ka gani jiya a gida? Da farko Fatuma ta ce ɓata lokaci ne, zan koya wa yara surutu gaban manya. Yanzu ita ke fara ɗauko ludayin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro, Hama, ɗan Sha'ibu mai jirgi. Tun da aka buɗe lakwal bai ce uffan ba, har uwarsa ta fara zancen kai shi wurin malam. Kullum in ba shi ludayi, ya riƙe, ya dube ni, ya miƙa wa na kusa. Ranar Laraba sai ya riƙe bai miƙa ba. Ya ce, "Baba ya zo da jirgi, ya kawo bido, jarkoki da yawa, ya sa cikin rumbu, ya ce kada akuya ta sani." Muka fashe da dariya, Fatuma ta ɗauke shi ta ɗaga sama, Halima ta yi kukanta. Na daɗe ban ji daɗin aiki kamar ranar ba.

Gari kam shiru tun da Najeriya ta rufe iyaka. Esansi, wato man mota, da sabulu sun yi wuya, kowa na lallaɓa rayuwarsa yadda ya iya. Ka gaida Mairo, ka ce ta daure da kai.

Uwargijiyarka,
Barira

Yamai, 9 ga Disamba 1984

Zuwa ga Madam Darakta,

Na sami takardarki, na gode Allah da kuke lafiya. Mu ma lafiya, sai ƙaramin da ya yi ƙyanda, ya kuwa warke. Ki gaya wa Inna ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, kuma zan zo da babbar Salla in Allah ya yarda, da ƙafafuna biyu.

Zancen bauta kuwa, na ji. Sai dai ban taɓa ganin uwargijiyar da aka ba ɗaki uku da mangwaro ɗaya ta fara rubutu kamar gwamnan Doso ba.

Ban da wasa, Barira, na karanta labarin ludayin nan har sau biyu, na karanta wa Mairo. A biro, ofishinmu, kullum abin da ke zuwa teburina jawabin manya ne da sunayen waɗanda aka yi wa canjin wuri. Rabon da in ga wani abu da malami ya ƙago da kansa har na manta. Ina so in rubuta shi a mujalla, shafi guda, da sunanki da na malamanki. Kin san yadda ma'aikatarmu take: wanda ba a taɓa jin sunansa ba, a daji zai tsufa. In aka san ki, wata rana sai a dawo da ke Yamai, Inna ta sami likitan ƙashi na kirki.

Ki ba ni izini. Ki kuma shafa mini kan Hama, ki ce akuyar Yamai ma ba ta ji komai ba.

Bawan da ya fi ƙarfin sayarwa,
Idrisa

Gaya, 20 ga Janairu 1985

Idrisa,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan ƙaramin ya murmure sarai. Inna da sauƙi. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka yi yawa. Ta gidan waya nake aiko wannan, don haka zan taƙaita.

Labarin safe ya yi nisa fiye da yadda na nufa. Har manyan gari sun san da shi, sun kuma san abin da ake faɗa a ciki. Baban Hama ya yi tafiya Doso tare da rakiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Baban wata yarinya, Hawa, shi ma ya bi shi makon jiya. Malamaina ba sa cin abinci tare kamar da.

Zancen mujalla, ina roƙonka kada ka wahalar da kanka. Abin bai kai a rubuta ba. Ka bar shi inda yake. In na sami wanda zai zo wajenku zan yi maka bayani a tsanake.

Allah ya bar zumunci.
Barira

Yamai, 11 ga Fabrairu 1985

Uwargijiya mai kunya,

Lafiyarmu ƙalau, Mairo na gaishe ki, ta ce a gaida Inna da jiki.

"Abin bai kai a rubuta ba." Tun muna yara haka kike. Ranar da kika zo ta ɗaya a jarrabawar shiga kwaleji, bayan rumbu kika ɓuya sai da aka nemo ki. Da na biye miki da har yanzu ba wanda ya san kin iya karatu. Kin ce manyan gari sun san da abin, to ai shi ke nan, saura manyan ƙasa.

Ga mujallar nan na haɗo miki, ki duba shafi na shida. Na sa sunan Fatuma da Halima da Kaltuma, in sun ga kansu a takarda za su koma cin abinci tare. Na san kishin aiki ne, ko'ina akwai shi. Labarin Hama na gyara shi, na ce kifi babansa ya kawo, don ni ma ba yaro ba ne. Shugabanmu ya ji daɗi ƙwarai. Ya kai wa na sama da shi, kuma na ji ana shirya umarni zuwa ga anspekta na Doso cewa a riƙa yin labarin safe kullum, a mai da jardan ɗinki abin koyi. Har za a zo a gani da ido kafin hutu.

Allah ya dawo da matafiyanku lafiya. Ki fara tunanin tukuicin da za ki ba bawanki.

Idrisa

Gaya, 24 ga Fabrairu 1985

Idrisa,

Muna lafiya. Wannan ta hannun Dodo direba za ta zo, mai kai rake Yamai, don haka zan faɗi magana yadda take. In ka karanta ka sa a murhu.

Wace irin tafiya ake yi Doso da rakiya, Idrisa? Kai da aikinka karanta abin da mutane suka rubuta. Sha'ibu yana gidan kaso. Kwana kaɗan bayan maganar Hama aka zo gidansa, ba a duba ɗaki ba, ba a duba jirgi ba, kai tsaye aka nufi rumbu aka fito da bidunan esansi. Hawa kuma ta ba mu labarin atamfofin da ke ƙarƙashin gadon kakarta, muka tafa mata. Nan ma gadon tsohuwar aka fara ɗagawa. Rabin garin nan da abin da ake tsallakowa da shi daga Kamba ta Najeriya yake ci tun da aka rufe iyaka, kowa ya sani. Ni ce ban haɗa wannan da tambayar da nake yi wa yara kowace safiya ba.

Gari ya yanke hukunci cewa Kaltuma ce ke kai wa mijinta. A kasuwa mai kifi ta ƙi sayar mata. Fatuma ta daina amsa gaisuwarta, ta zo ofis ta ce mini, "Madam, ko ki rubuta a ɗauke ta, ko ni in kwanta ciwo har hutu." Halima kuwa in ta hango su biyun sai ta shige aji ta rufe ƙofa. Ni ma, ba zan ɓoye maka ba, na fara shirya abin da zan rubuta a kanta.

Sai ga Kaltuma ta same ni bayan an tashi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta je barka gidan shugaban mijinta, ana zaune ana shan fura, sai 'yarsa Rakiya, wadda ke ajin Halima, ta zare ludayi daga ƙwarya ta tsaya tsakar gida tana wasan lakwal. Ta ce, "Ni ce Hama," ta faɗi nasa. Ta ce, "Ni ce Ado," ta faɗi nasa, har da yadda yake jan hanci. Uwar na dariya, baƙi na dariya. Uban yana kishingiɗe, shi ma yana dariya, yana cewa, "Sai kuma wa, 'yar baba?" Kaltuma ta ce mini, "Madam, kullum haka take yi musu. Kuma ba ita kaɗai ba ce, 'ya'yan jandarma ma suna cikin tabarmar nan."

Ka gani, babu wanda zan kora. Yarinya ce 'yar shekara biyar mai kaifin kai, kuma ni na koya mata ta saurari 'yan'uwanta da kyau.

Na dakatar da labarin safe tun a Janairu, na ce sanyi ya yi wa yara yawa a waje. Iyaye suka fara sakin jiki. Sai ga mujallarka, bayanta kuma ga umarnin anspekta: kullum, ƙarƙashin mangwaro, da ludayi, da tambayar nan kalma bayan kalma yadda ka buga ta. Kumandan, sojan da ke mulkin garin nan, ya aiko a gaya mini yana alfahari da ni. Wani ɗan kasuwa ya cire ɗansa, aka kira shi aka tambaye shi abin da yake tsoron yaron ya faɗa. Washegari ya dawo da shi da kansa. Yanzu ba mai iya cire ɗansa, ni kuma ba ni da ikon daina tambaya. Mun koma tabarma tun Litinin. Ina miƙa ludayi ina addu'a yaro ya ce akuya ta haihu.

Abu biyu nake roƙo, ka yi wanda ka iya. Ko a janye umarnin, ko a ɗauke ni daga nan a kai ni ko'ina, ko da Bilma ce can cikin hamada. In na tafi wataƙila abin ya mutu da kansa.

Hama yana zuwa kullum. Yanzu bakinsa ya buɗe, shi ke fara miƙo hannu.

Barira

Yamai, 14 ga Afrilu 1985

Barira,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna. Sai shekaranjiya takardarki ta iso. Motar Dodo ta lalace a hanya, ya bar ta wurin makaniki ya koma gida, takardar na cikin akwatin mota duk tsawon lokacin nan. Ni kuwa ina nan ina cewa Mairo kin yi girman kai tun da kika shiga mujalla. Na karanta a tsaye, na sa a murhu yadda kika ce. Na ɗauko ta Janairu na sake dubawa. Komai yana ciki. Ban gani ba don na riga na san abin da nake so ki ce.

Jiya na shiga wurin shugabanmu. Ban ambaci kaso ba, na ce dai wasu malamai na ganin tambayar ta shiga sirrin gida, ko za a sauya ta a ce yaro ya faɗi mafarkinsa. Ya cire tabarau ya ce, "Kana nufin abin da muka buga, aka sa hannu a sama, kuskure ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To, wane malami ne ke ganin haka? Ba ni sunansa." Na ce zance ne na bakin hanya. Ya daɗe yana kallona kafin ya sallame ni. Kin san zamanin da muke ciki, takardar da mai kaki ya sa wa hannu ba ta komawa baya.

Na kuma bi ta wurin mai kula da canjin wuri, abokina ne. Ya yi dariya ya ce yanzu ai ke ce Gaya, ba mai taɓa ki sai an gama nuna ki. In kika nema da kanki za a tambayi dalili, in kika ajiye aiki za a tambaya da ƙarfi. Ya ce anspekta zai zo muku cikin watan gobe, kumandan zai raka shi, kuma ana so a fara abin a Tanda da Bengou bayan hutu.

Ba ni da abin da zan ba ki, Barira. Na so in fito da ke ne, sai na rufe ki. Dodo zai juyo ranar Alhamis, ki ba shi amsa ko layi ɗaya ne.

Idrisa

Gaya, 26 ga Mayu 1985

Idrisa,

Muna lafiya. Inna ta ce a gaishe ku, tana jiran ka da Salla. Zafi ya yi yawa, an fara hadari amma ruwa bai sauka ba. Ka bar zargin kanka haka nan, ni na fara ɗauko ludayin.

Tsakanin takardata da taka an ƙara tafiya da mutum ɗaya, baban Ado. Ranar na rufe ofis da malamaina uku. Na sa Kaltuma ta maimaita abin da ta gani a gaban Fatuma. Fatuma ta ce, "To me ya hana ki faɗa tun da wuri, 'yar Maradi?" Kaltuma ta ce, "Yaya, ai ba kya amsa gaisuwata." Iyakar sulhun ke nan, amma ya isa.

Na ce musu an hana mu sauya tambaya, amma ba a rubuta mana amsa ba. Na raba aiki. Fatuma ta bi gidajen bakin gulbi, Halima ta bi na 'yan kasuwa, kowace da sunan gaisuwa, su gaya wa iyaye mata abin da yaro zai ce in ludayi ya zo hannunsa. Kaltuma ta ɗauki 'ya'yan ma'aikata a aji, ta mai da shi waƙa da tafi, don kada a ce 'ya'yan wasu ne kaɗai ke faɗa. Ni kuma duk wanda ya faɗi daidai in yaba masa, wanda ya fara wani zance in karɓe ludayi in miƙa gaba. Ban taɓa ganin malamaina sun yi aiki da baki ɗaya kamar wannan karon ba. Yara kuma ka san su, ba su da wuyar koyo.

Ranar Talata baƙi suka zo. Aka sa wa anspekta da kumandan kujeru a inuwar mangwaro, soja biyu na tsaye bayansu. Na ɗauki ludayi na ba ta farko, na ce, "Me kika gani jiya a gida?" Ta miƙe ta ce, "Jiya mun ci tuwo, mun yi salla, mun kwanta." Na biyu ya faɗi haka. Na uku ma haka. Rakiya ta faɗa da Faransanci, anspekta ya tafa mata. Haka ludayi ya zagaye tabarma, da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, ba wanda ya ga komai a gidansu sai tuwo.

Anspekta ya ce bai taɓa ganin yara masu natsuwa irin waɗannan ba, zai rubuta a ƙara mini shekara uku a nan don in horar da malaman ƙauyuka. Kumandan bai tafa ba. Da zai shiga mota ya ce mini, "Madam, garin nan ana cin tuwo ƙwarai." Na ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe." Ya ce zai riƙa leƙowa, don yana son yara.

Tun da muka fara koya musu amsar nan ba a sake tafiya da kowa ba. Mai kifi ta koma sayar wa Kaltuma. Kowace safiya muna shimfiɗa tabarma, mu yi tambaya, a ba mu amsa, mu shiga aji. Abin ba ya ɗaukar lokaci yanzu.

Saura Hama. Shi ne ya fi ba mu wuya, don ya saba in ya yi magana a ɗaga shi sama. A gaban baƙi ya faɗi tasa daidai. Bayan motoci sun tafi ina naɗe tabarma, sai na ji ana jan zanena. Ya ɗauko ludayin da kansa daga inda na ajiye, ya riƙe da hannu biyu, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Madam, jiya da muka kwanta, sai..." Rakiya na tsaye kusa da mu tana sa takalmi. Na durƙusa na karɓe ludayin na ce, "Jiya kun ci tuwo, kun yi salla, kun kwanta. Ko ba haka ba?" Ya dube ni irin kallon da yake mini a farkon shekara. Ya ɗaga kai alamar e.

Ban san abin da ya so gaya mini ba. Wataƙila akuyarsu ce ta haihu. Da safe in ludayi ya zo kansa yana faɗin tuwonsa, ba ya kuskure ko kalma ɗaya. Bayan wannan ba ya cewa komai har a tashi. Uwarsa ta tare ni a hanya jiya, ta riƙe hannuna ta yi mini godiya.

In za ka zo da Salla ka taho wa Inna da man zafi. Ka gaida Mairo da yara.

Barira